Baƙin layin da ke sama da ƙasan fim: me ya rufe, me aka yanke?

Wani ɗan'uwa daga Rijiyar Zaki ya aiko da wannan tambaya: "Na sayi talabijin mai inci 55. Duk fim ɗin Indiya ko na Amurka da na saka, sai baƙin layi ya fito sama da ƙasa kamar an rufe wani sashe na hoton. Yaron shagon ya danna wani abu a rimot, hoto ya cika allo. Ƙanena ya ce yanzu ne ma aka yanke fim ɗin. Sannan wani mai tura fina-finai ya ce yana da wanda ba a yanke ba, mai cika allo har da ƙarin hoto sama da ƙasa. Wanne ne daidai?"

Malam, ƙanenka ya fi yaron shagon gaskiya. Shi ma mai turin bai yi maka ƙarya ba, sai dai abin da yake tallata maka ba kullum ne yake zama alheri ba, zan zo kansa. Ni sana'ata tace fim, kafin nan kuma na riƙe kyamara a lokeshan da wuraren biki, don haka wannan rigima ta baƙin layi na sha ta da furodusoshi, da 'yan kasuwa, har da mutanen gidana.

Kowane fim yana da awonsa, wato yadda faɗinsa yake idan aka gwada shi da tsayinsa. Talabijin ma yana da nasa. Naka, kamar duk wata filasma da ake sayarwa yanzu, 16 ne a faɗi, 9 a tsayi, wanda in ka raba zai ba ka 1.78. Yawancin manyan fina-finan Indiya da na Amurka kuwa 2.39 ne, faɗinsu ya ninka tsayinsu sau biyu da ɗoriya. Ka ɗauka doguwar tabarma ce aka kawo maka za ka shimfiɗa a ɗakin da bai kai ta siranta ba. Ko dai ka shimfiɗa ta yadda take, siminti ya rage a gefe da gefe, ko ka samo babba ka datse bakinta biyu don ta rufe ɗakin, ko ka ja ta da ƙarfi har saƙar ta karkace. Babu hanya ta huɗu. Baƙin layin nan simintin ne. Ba a shafa shi a kan hoto ba, wuri ne da hoto bai kai ba.

Ga shi da awo a kan naka talabijin ɗin. Mai inci 55 faɗinsa kusan inci 48 ne, tsayinsa inci 27. In fim mai 2.39 ya zauna a kai yadda aka yi shi, zai cinye faɗin duka, tsayinsa ya tsaya a inci 20, a bar inci uku da rabi sama, uku da rabi ƙasa. Da yaron ya danna Zoom, sai aka kumbura hoton har tsayinsa ya kai inci 27. To faɗin ma ai tare suke kumbura, ya koma inci 64 da wani abu, alhali allonka 48 ne. Inci takwas sun fita ta dama, takwas ta hagu. Wato kashi ɗaya cikin huɗu na fim ɗin yana can a iska, a wajen talabijin. An je neman ƙiba an samo rama.

Wani zai ce, to mene ne a gefen hoto in ba bango da bishiya ba? A nan ne nake so mu ɗan zauna, domin wannan shi ne abin da mai kallo ba ya lura ya rasa, tunda abin da ba ka gani ba ba ka san da shi ba.

Ka tuna yadda muke ɗaukar zance a fim ɗin Hausa. Saurayi yana wannan bakin benci ko tabarma, budurwa tana wancan, a tsakaninsu akwai fili. Filin nan ba banza ba ne. Shi ne kunyar, shi ne tarbiyyar, wani lokaci shi ne fushin. Darakta mai hankali da shi yake ba da labari: a farkon fim ya bar tazarar da faɗi, jaruma ta juya kai gefe tana wasa da bakin mayafi, in tafiya ta yi tafiya, tazarar ta ragu da taku ɗaya, kai mai kallo ka gane an shirya ba tare da kowa ya furta ba. Tunda a fina-finanmu namiji da mace ba sa taɓa juna, kusan duk soyayyar a wannan fili take zaune. Yanzu ka datse gefe da gefe. Ko dai ka ga rabin fuskar kowannensu da ƙaton fili a tsakiya, ko wanda ya gyara ya zaɓi mutum ɗaya ya bar ɗayan murya kawai. Maganar tana nan, ba a cire ko kalma ba, amma ba ka ga yadda ta harare shi lokacin da ya faɗa ba.

Haka nan hawan sallah. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san abin da ke sa tsikar jiki tashi shi ne jerin dawakan da suka taho a sukwane kafaɗa da kafaɗa, suka ja linzami lokaci guda a gaban Sarki. In ka ɗauke shi da faffaɗan awo, ka samu jerin duka. In aka matse shi, doki biyu ka samu da ƙura.

Yankan sama da ƙasa ma yana da tasa ɓarnar, kuma a wurinmu ta fi ciwo, saboda mu al'umma ce da girma yake a tsaye. Uba yana kan kujera, ɗa yana durƙushe a ƙasa. Sarki yana kan karaga, mai gaisuwa ya faɗi. Tsofaffin fina-finanmu, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa zamanin faifan sidi, da awon tsohon talabijin aka ɗauke su, 4 a faɗi 3 a tsayi, kusan murabba'i. In ka saka irinsu a filasma yadda suke, baƙin zai koma dama da hagu. In ka danna Zoom don ka kore shi, kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin ne zai tafi. Abin da ke fara tafiya shi ne hula da ɗaurin ɗankwali a sama, da mai durƙuso a ƙasa. Na taɓa ganin wani tsohon fim na sarauta da aka yi wa haka: rawanin jarumin mai kunne biyu ne, alamar ɗan gidan sarauta, kuma a kan wannan labarin ya ginu. An datse kunnuwan. Sai ya koma wani dattijo mai naɗi kawai, kana mamakin me ya sa kowa yake zubewa a gabansa. Rubutun fassara da ake sakawa a ƙasa shi ma yana cikin waɗanda ke fara salwanta.

Hanya ta uku, wato jan hoto, ita ta fi yawa a gidajenmu da shagunan aski, kuma ita ce ido ya fi saurin sabawa da ita. Ba a yanke komai ba, amma kowa ya ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo min kaset ɗin bikinta na mayar mata a filashi. Bayan kwana biyu ta dawo ranta a ɓace. "Malam, me ka yi wa hoton nan? 'Ya'yana sai dariya suke, wai ashe da can ni tulu ce. Wallahi ranar bikina ko kilo hamsin ban kai ba." Na saka shi a kwamfutata, ga ta nan siririya kamar yadda ta faɗa. Na ce, "Hajiya, laifin ba na kaset ba ne, rimot ɗinku ne." Na rubuta mata abin da za ta danna a takarda.

In kana so ka san yadda aka yi awo ya rarrabu haka, labarin gajere ne. Fim na farko-farko, tun zamanin Thomas Edison, Ba'amurken nan mai ƙere-ƙere, 4 da 3 ne. Da sauti ya shigo, masu shirya fim na Amurka suka tsayar da 1.37 a 1932, wanda kusan duk ɗaya ne. Da talabijin ya zo sai ya ɗauki wannan siffa. Sai mutane suka fara zama a gida, gidajen silima suka fara yin fayau. Kamfanoni suka ce to bari mu ba su abin da akwatin gida ba zai iya ba. A 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da CinemaScope a fim ɗin The Robe, da wani gilashin kyamara da asalinsa ƙirar wani Bafaranshe ne, Henri Chrétien. Gilashin yana matse faffaɗan hoto ya shiga cikin zaren fim na yau da kullum, a gidan silima kuma wani gilashin da ke bakin majigi ya warware shi. Indiya ta bi sahu a 1959 da Kaagaz Ke Phool. Wato da gangan aka ƙirƙiri faffaɗan fim don kada ya dace da talabijin. Shi kuwa 16 da 9 sulhu ne. Wani injiniya Ba'amurke, Kerns Powers, a shekarun 1980 ya yanka takardu masu girma ɗaya da siffofin awon da ake amfani da su, ya ɗora su kan juna, ya nemo siffar da ta fi kusa da ɗaukarsu duka. Shi ya sa filasma ba ta dace da tsohon fim ɗari bisa ɗari ba, ba ta dace da na silima ba, tana tsakiya, kowa ya ɗan yi haƙuri.

Mu da muka tashi a Kano mun ga wannan sauyi da idonmu ba tare da mun san sunansa ba. Yayyenmu da suka kalli Sholay a silimar Plaza ko Orion ko Marhaba, a kan ƙaton farin bango, sun ga abokan nan biyu tare a kan babur mai kwando a gefe, da duwatsun da ke bayansu. Mu da muka samu faffaɗan fina-finan silima a kaset, a kan talabijin mai ƙusumbi, sau da yawa abin da muka samu saura ne. Daga 2.39 zuwa 4 da 3, kashi 44 cikin ɗari na hoton ake zubarwa. Wani ma'aikaci ne yake zama da na'ura yana zaɓar ɓangaren da za a nuna, yana jan hoton dama da hagu yana bin mai magana. Motsin kyamarar da darakta bai taɓa yi ba, sai ga shi a fim ɗinsa. Kuma in ka tuna, a farkon wasu kasusuwan, lokacin da sunaye suke fitowa, mutane sukan yi tsawo siriri kamar sandar rake, sai an gama sunayen su dawo daidai. Dalili shi ne in an yanke gefe za a yanke sunayen, don haka sai a bar wannan wurin a matse.

Yanzu ga maganar mai turi da fim ɗinsa da "ba a yanke ba". Akwai irin wannan da gaske. Kyamara sau da yawa tana ɗaukar fili fiye da wanda za a nuna. A kan ɗan allon da darakta da mai ɗaukar hoto suke kallo a lokeshan akwai layuka, wani lokaci ma salatif muke mannawa, masu nuna iyakar abin da zai fita. Duk abin da ke cikin layin an tsara shi. Abin da ke wajen layin kuwa kyamara ta gani, amma ba wanda ya kula da shi, domin an san za a rufe. In wani ya zo daga baya ya buɗe wannan wuri, zai samu hoto mai cika allo, har da ƙari sama da ƙasa, kuma zai iya rantsuwa bai yanke komai ba. Gaskiya ne. Amma me ya ƙaro?

Na san amsar don ta faru da ni. Wani fim da na tace, mun tsara shi a faffaɗan awo. Akwai fitowar da uwa take yi wa 'yarta nasiha daren da za a kai ta ɗakin miji, mun sha wuya kafin mu same ta, har mai riƙe fitila sai da ya yi hawaye. Wanda ya karɓi aikin bayana don fitarwa kasuwa ya ga baƙin layi, ya ce mutane za su ce faifan ya lalace, ya buɗe hoton. Da na kalla, ga kan makirufo yana lilo a saman ɗankwalin uwar kamar jemage, ga wayar janareto ta ratsa ƙasan gado, ga silifas ɗin wani yaronmu a bakin ƙofa. Wurin da aka so a yi kuka, dariya aka yi. Kuma ko da babu makirufo, akwai asarar da ta fi wannan ɓoyuwa: mun matso da fuskokin nan biyu har sun cika hoton don mai kallo ya ji kamar yana zaune a bakin gadon. Da aka buɗe sama da ƙasa, sai suka koma mutum biyu ƙanana a tsakiyar ɗaki, rufi a sama, leda a ƙasa. Ba mu kaɗai abin yake samu ba. A fim ɗin The Shining na Stanley Kubrick, na 1980, waɗanda suka kalli na kaset mai cika tsohon talabijin sun ga inuwar jirgin sama mai saukar ungulu da aka ɗauki hoton farko da shi, abin da a silima ba a gani.

Akwai kuma inda ƙarin hoton na halal ne. Wasu daraktoci suna ɗaukar wasu fitowa da kyamarar IMAX, wadda awonta ya fi tsayi, 1.43, kuma da niyya suke cika saman da ƙasan. Christopher Nolan ya yi haka a The Dark Knight a 2008. In kana kallon irinsa a gida za ka ga baƙin layin yana ɓacewa a wasu wurare yana dawowa. Ba talabijin ɗinka ne ya samu matsala ba, haka aka so. Wes Anderson ma a The Grand Budapest Hotel na 2014 awo uku ya yi amfani da su, kowane zamani na labarin da nasa, don mai kallo ya gane shekarun da ake ciki daga siffar hoton kawai. Ka ga in ka danna Zoom a kan wannan, ka goge alamar gaba ɗaya. Don haka abin tambaya ga mai turi shi ne, wannan awon, wanda ya yi fim ɗin ne ya zaɓe shi ko wani ne a hanya? Yawanci ba zai sani ba. Ni dai in an ba ni biyu, mai baƙin layi nake ɗauka, don shi ya fi yiwuwa ya zama wanda aka nuna a silima.

Sai dai kada in wanke 'yan sana'ata tas. Akwai inda zarginka na farko yake da gaskiya, wato baƙin layin ya rufe hoto. Tunda ƙananan kyamarori masu kyau suka yawaita, aka koma dogon zango a YouTube, wasu ƙannenmu suna ɗaukar fim a 16 da 9, ba layi ba salatif, kan jarumi yana dab da saman hoto. Sai an zo tacewa a ce, "Oga, a saka masa baƙin nan ya yi kama da na waje." A manna. Hula ta tafi, wani lokaci har goshi. Wannan kwalliya ce ba tsari ba, kuma ina faɗa musu in ana son faffaɗan awo, tun ranar farko a lokeshan ake yanke shawara, domin yana canza inda kowa zai tsaya da inda za a kafa fitila. Ban ma yarda kowane labari yake buƙatarsa ba. Labarin da duk a cikin ɗaki da tsakar gida da lungu yake, kishiya da kishiya, faɗin me zai yi da shi? Sau da yawa bangon da ba a yi wa ado ba kawai yake tona wa asiri. Amma ko a irin wannan, Zoom ba zai dawo maka da hular ba. An riga an binne ta, za ka ƙara yankan gefe ne a kan yankan sama.

Akwai wata matsalar da ke sa tsofaffin fina-finanmu fitowa a karkace a intanet ko da rimot ɗinka yana daidai. Kyamarorin Mini DV da faifan DVD na tsarin da muke bi a Najeriya ƙananan ɗigon da ke haɗa hotonsu 720 ne a faɗi, 576 a tsayi, ko an ɗauka a 4 da 3 ko a 16 da 9. Adadin ɗigon ɗaya ne. Wata 'yar alama ce a cikin fayil ɗin take gaya wa na'ura ta buɗe shi ko ta bar shi. In mai juyawa bai kula ba alamar ta ɓace ko ta sauya, sai faffaɗan fim ya fito a tsuke kowa ya rame, ko na 4 da 3 ya fito a baje. A irin wannan kaɗai nake yarda mutum ya taɓa maɓallin awo, don ya mayar da abin yadda yake. Yadda za ka gane kuwa, nemi abu mai da'ira a cikin hoton: tayar mota in ta ba ka gefe, faranti, agogon bango, ƙwallo. In ya yi siffar ƙwai, a tsaye ko a kwance, an ja hoton.

A waya kuma lissafin ya juye. Wayoyin yanzu in ka kwantar da su sun fi filasma faɗi, da yawansu 20 ne da 9, wato 2.22. Shi ya sa fim ɗin Indiya yake kusan cika waya, shirin 16 da 9 kuma yake barin baƙi a dama da hagu. In ka buɗa yatsu biyu don ka cika ta, kashi ɗaya cikin biyar na tsayin ka zubar. Mafi muni shi ne guntayen da ake yankowa a tsaye don TikTok da sitatus: daga hoton 16 da 9, abin da ke saura bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na sha ganin ana musu a kan wata fitowa, ana cewa jarumi bai iya ba, yana ta zare ido shi kaɗai, alhali wanda yake zare wa idon an yanke shi.

Abin da za ka yi a gida: ɗauki rimot, nemi maɓallin da aka rubuta Aspect ko P.Size, in babu ka shiga saitin hoto. Ka kauce wa Zoom da Stretch da duk mai kama da su. Ka zaɓi Original, ko Just Scan, ko Screen Fit, sunan ya danganta da kamfani. In da dikoda kake kallo ko wata na'ura, ita ma tana da nata saitin, ka gaya mata talabijin ɗinka 16:9 ne, don in ita tana matsewa shi yana ja, sai a rasa gane na wa ne laifin. Sannan ka tsayar da fim a wurin da mutum biyu ko uku suke tsaye a jere, ka danna Zoom, ka dawo, ka ƙirga mutanen sau biyu a gaban ƙanenka. In baƙin yana damun idonka, rage hasken ɗakin, in ɗaki ya yi duhu layin da bangon duk ɗaya suke komawa. Game da tsoron da wasu suke yi cewa layin zai bar tabo a allo, wannan tsohuwar filasma ta ainihi da masu OLED ne ake yi wa wannan kaffa-kaffa in an daɗe ƙwarai ana nuna abu ɗaya. Naka, in irin LED ɗin da suka cika kasuwa ne, ba abin da zai same shi.